Kafin Dawn of War IV ya fito: me kuka gani wajen buga tsohon a Jos?

Na Farin Gada: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka sanar da Dawn of War IV, wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, a bikin wasannin kwamfuta na Gamescom na watan Agustan 2025, aka ce sai 2026, da yawa a nan Jos sun koma kan tsohon Dawn of War na farko don hannu ya faɗa. Kamfanin KING Art na Jamus, masu wasan Iron Harvest, su ke haɗa sabon. Yaƙin zai koma duniyar Kronus, inda aka gwabza a Dark Crusade na 2006, ɗaya daga cikin ci gaban tsohon wasan, da rundunoni huɗu: Space Marines, Orks, Necrons da Adeptus Mechanicus. Abin da ya fi yi min daɗi, gina sansani ya dawo. Duk wanda ya haɗa kwamfutoci aka buga tare, don Allah ya faɗa mana me ke kawo cikas, me kuma ya gyara shi.

Mai gyara a Terminus: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ake yawan kawowa shago shi ne laftof ɗin da ke gudu lafiya minti ashirin na farko, da yaƙi ya yi zafi sai ta fara tsinkewa. Mai ita sai ya ɗora laifin a kan katin hoto. Ba nan take ba. Irin wannan wasa firosesa yake wahalarwa, don ita ke lissafin hanyar kowane soja da kowane harsashi. Idan zafinta ya kai wajen digiri 95, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Mutane suna cewa ai Jos gari ne mai sanyi. Sanyin gari bai hana ƙurar hunturu toshe ramin iska ba. Ka buɗe bayanta, za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi. A cire batir tukuna, a riƙe fankar da yatsa kafin a hura mata iska don kar ta yi juyin da zai lalata ta, a goge tsohon man firosesa da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa. Wanda ke da ram giga 8 sanda ɗaya, ya ƙara wata irinta su zama biyu, bambancin a fili yake.

Na Bukuru: Oga, gaskiyarka. Ƙari a kai: idan ana bugawa tare, kwamfuta ɗaya mai rauni tana jan kowa baya. Wasan ba ya aika hoto, umarnin 'yan wasa kawai yake rabawa, kowace kwamfuta ta yi lissafin yaƙin da kanta, sai ta ƙarshe ta gama a matsa gaba. Mutum takwas za su iya shiga, amma in akwai tsohuwar laftof a ciki, a tsaya a huɗu, a ɗauki ƙaramar taswira. Haɗi da wayar kebul ya fi Wi-Fi nesa ba kusa ba: ƙaramin suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci, mai rami takwas da wayar Cat6 sun isa. Sannan dole kowa ya zama sigar wasansa ɗaya ce, da ƙarin da aka ɗora masa, wato gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙirƙira (mods). In sun bambanta, ko dai ya ƙi haɗuwa, ko ana tsakiyar yaƙi ya rabu, kowa yana ganin nasa daban.

Na Rayfield: Tsohon na 2004 da ci gabansa 32-bit ne, wato ram kaɗan yake iya amfani da shi, shi ya sa yake rufewa da kansa idan an loda masa manyan ƙari. Definitive Edition, sabunta tsohon wasan da kamfanin Relic ya fitar a Agustan 2025 64-bit ne, ya haɗa har da Winter Assault, Dark Crusade da Soulstorm. A sauke a kwamfuta ɗaya, a kwashe fayilolin a filas zuwa sauran, Steam, manhajar da ake sayen wasan a kai, zai gane su, ba sai kowa ya ƙona data ba. Amma fa kowa sai ya sayi nasa.

Mai sola, titin Bauchi: Maganar wuta. UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai 650VA ainihin abin da yake ɗauka bai wuce wat 400 ba. Kwamfutar tebur mai katin hoto da allonta suna iya kaiwa nan idan yaƙi ya cika, to da an ɗauke wuta sai ya yi ƙara ya mutu tare da ita. A nemi 1500VA. Suwic ɗin ma a jona shi a kai, in ba haka ba laftof duk suna kunne amma wasa ya watse.

Na Unguwar Rogo: Yaya, ni a wajen wasan kansa zan tsaya, don nan sababbi ke faɗuwa. Suna zama a gida suna ta gini, abokin gaba yana cinye tutoci, wato muhimman wuraren da ake kamawa a taswira. Kuɗin sojoji daga tutocin nan yake fitowa. Da Space Marines, ka fitar da 'yan leƙen asiri tun farko su kama na kusa, magini ya bi bayansu yana dasa hasumiyar tsaro a kan kowace, don tana ƙara kuɗin, tana kuma tsare wurin. Janareta ɗaya, mai ba sansani wuta a cikin wasan, ya isa da farko. Orks ba sa yawa sai an kafa tutocin Waaagh, waɗanda su ke ginawa da kansu, wanda ya rushe su ya karya musu baya. Necrons kuwa wuta kaɗai suke ci, tutocin da suka kama saurin gini suke ƙara musu. Tafiyarsu a hankali take, don haka a kai musu hari da wuri a kan janaretocinsu. In ka bari suka tayar da Monolith, babban sansaninsu, sai dai haƙuri. Kuma a riƙa duba ƙarfin zuciyar runduna: in ya karye, harbinsu da ƙyar yake samun wani abu, a ja su baya su farfaɗo.

Na Farin Gada: Ƙanena, wannan a Dark Crusade ne, sabon zai iya sauya lissafin.

Na Unguwar Rogo: Haka ne Yaya, amma hannu ba ya sauyawa. A saba da ɗaure runduna da Ctrl da lamba: 1 masu harbi, 2 masu sara, 3 motoci, 4 barikin da ke fitar da sojoji. Linzami kuma mai waya, ba na jikin laftof ba.