Me za mu kira "credit union"? Gobe zan shiga shiri

Mai Shirin Noma: Salamu alaikum. Gobe da safe zan gabatar da shiri kan "credit union" masu ba ƙananan manoma "production loan" a Ghana da Kenya. Manoman ne ke zuba kuɗi, su ne masu abin, cikin abin da suka tara ake ba mutum ya sayi taki da iri, ya biya bayan girbi. Ku taimaka da kalma, masu saurarona 'yan karkara ne.

Ɗan Fadama: Adashin manoma, shi ke nan.

Malamin Gona: A'a. Adashi kwasa ake yi bi da bi, zagaye ya ƙare a watse. Wannan kuɗin zaune yake, akwai rajista, akwai kwamitin da ke duba gonarka kafin a ba ka, kuma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi ko nawa ya zuba. Kada kuma ka ce bankin manoma, za a ɗauka na gwamnati ne mai hedikwata a Kaduna, a ce rabon arziki ya zo. Ka ce ƙungiyar gama kai ta ajiya da lamuni.

'Yar Maraɗi: Kafin ya gama faɗa an yi sallar azahar. Mu nan asusu muke cewa, kowace tsohuwa ta gane. Tun 1991 da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ake zubi ana ɗaukar rance cikin akwati.

Baba Nahawu: Asusu daga Yarbanci ne, lamuni daga Larabci. Na daɗe ina cewa RUMBUN JUNA. Manomi ya san rumbu: ka zuba da kaka, ka ɗiba da bazara.

Ɗan Zango: Baba, in ka ce rumbu hatsi za a kawo maka. A Jirapa, arewacin Ghana, aka kafa irinta tun 1955, har yau ba mu fasa cewa yuniyan ba.

Baba Nahawu: Hausar zango ce za ta yi mana gyara?

'Yar Maraɗi: To fa, an fara. Baba, da girmanka, kullum sai abin da Kano ta yarda da shi ne Hausa? Shi "rajista" da kuke faɗa kakanninku ne suka bar muku?

Baba Nahawu: Ni ba Bakano ba ne, 'yata. Rumbun Juna dai.

Malamin Gona: Ku dawo kan ɗayar kalmar, "production loan". Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar, kamar garma. Rance kuwa ka kashe, ka mayar da madadinsa. Rancen noma ya fi bashin noma, don bashi ya haɗa har da na biki da na mai shago. Amma ka shirya, da ka buɗe layi tambayar farko ita ce akwai kuɗin ruwa ko babu.

Mai Shirin Noma: Akwai, kuma zan faɗa ƙarara. Rancen noma ya zauna. Ɗayar kuma zan buɗe da doguwar ta Malam sau ɗaya, daga nan in riƙa cewa asusun manoma. Na gode ƙwarai.

Baba Nahawu: Ban yarda ba, amma shirinka ne. Ko sau ɗaya ka ambaci rumbun ka ji me masu kira za su ce.

Mai Shirin Noma: In lokaci ya rage, Baba.