Abin da aka tsinta daga kakar Michigan ta 2023

Mun daɗe muna tattauna yadda ƙungiyar zari-rugar Amurka (American football) ta Jami'ar Michigan ta ci wasa 15 ba a doke ta ba, har ta ɗauki kofin ƙasa na jami'o'i da ta lallasa Jami'ar Washington 34 da 13 a Janairun 2024. Ga shawarwarin da suka fito.

Wadda aka fi nanatawa ita ce kada ƙungiya ta rataya komai a wuyan mutum ɗaya. An dakatar da koci Jim Harbaugh wasa shida a kakar, amma mataimakansa suka riƙe ragama. Ɗaya daga cikinsu, Sherrone Moore, ne ya jagoranci doke Jami'ar Ohio State 30 da 24.

Wasu suka ce a riƙe abin da aka iya. A gidan Jami'ar Penn State, Michigan ta bar jefa ƙwallo tsakanin 'yan wasanta, ta dinga rungumar ƙwallo tana kutsawa da ƙarfin ƙirji har aka tashi. Ni wannan ta fi kama ni, domin ba kowane koci ke da wannan haƙurin ba.

An kuma ja hankali kan tattalin tsofaffin 'yan wasa, irin Blake Corum da ya dawo bayan raunin gwiwa.