Ƙwan kunkuruna na funfuna a cikin injin ƙyanƙyasa

Assalamu alaikum. Masu kiwon kunkuru, ku agaza mini, abin ya ishe ni.

Macen kunkuruna, irin manyan nan na Sahel masu haƙa rami, ta yi ƙwai a bayan gida da shigowar hunturu. Cinnaka suka fara zagaye ramin, shi ya sa na kwashe ƙwan. Kowanne na yi masa alama da fensir a sama don kada ya juya, tunda ƙwan kunkuru ba a juya shi kamar na kaza. Na jera su a roba mai murfi bisa yashi mai ɗan danshi, na sa a injin ƙyanƙyasar kaji bayan na cire abin juyawar. Zafin na tsaye a digiri 30, sai dai in an ɗauke wuta da dare.

Yanzu an haura wata guda. Wasu sun yi fari tas, in na haska tocila ina ganin jajayen jijiyoyi, alamar suna da rai. Amma na gefe sun fara funfuna, fara-fara kamar auduga a ƙasansu, ɗaya har ya tsage yana wari. Shi kam na zubar. Na sake yashi, na goge sauran da busasshiyar auduga, funfunar ta dawo. Na rage ruwa, iskar hunturu ta busar da yashin ƙayau kafin yamma. Na ƙara, raɓa ta taru a murfi tana ɗiga kan ƙwan.

Ta yaya zan riƙe danshin robar daidai a wannan bushewar ba tare da funfuna ta cinye masu rai ba?