Kafireton babur yana zubar da fetur

Tambaya daga Mabera:
Assalamu alaikum. Babur ɗina ƙirar Bajaj yana zubar da fetur ta tiyon ƙarƙashin kafireto da zarar na buɗe mai, ko da injin a kashe yake. Me ke jawo haka?

Amsa daga Arkilla:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Robar da ke yawo bisa fetur cikin kwanon kafireton ce ta maƙale, shi ya sa allurarta ba ta toshe hanyar mai idan kwanon ya cika. Ka bubbuga kwanon da ƙotar sukundireba.

Amsa daga Runjin Sambo:
Malam, bubbugawa ba ta ɗorewa, domin ƙura da tsatsar tanki ne ke taruwa a mazaunin allurar. Ka rufe mai, ka kwance kwanon, ka wanke. Idan bakin allurar ya cinye, ko fetur ya shiga cikin robar, sai a sauya.