Hancin karanshaf na Peugeot 504 ya ci: walda ko canji?

Mai 504: Assalamu alaikum, manyan gareji. Injin 504 ne mai lita 2, haɗin Kaduna. Fulin gaba, wato faifan da bel ke hawa a hancin karanshaf (sandar da fistin ke juyawa), yana rawa, baƙin mai na tsiyaya ta bayansa. Da aka cire shi sai ga ramin ki (ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da hancin) ya buɗe, kin ya kwanta gefe, fulin kuma yana shiga da hannu salin alin. A yi wa hancin walda ne, ko a nemi wani karanshaf?

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. A fara sanin abin da ya jawo, in ba haka ba gyaran ba zai yi wata uku ba. Ki ba shi ne ke ɗaukar nauyi ba, aikinsa kawai ya tsayar da fuli da giyar sarkar tayimin a mazauninsu. Abin da ke riƙe su shi ne matsin notin gaba. Da zarar notin ya saki, duk tashin fistin sai fulin ya daki kin, a hankali ramin ya zama kwari.

Ka auna hancin da maikuromita (ma'aunin kaurin ƙarfe) a wuri uku, kowane wuri a tsaye da a kwance, ka auna ramin fulin ma. Sau da yawa fulin ne ya fi ci. Idan tazarar da ke tsakanin hancin da ramin fulin ba ta wuce milimita 0.1 ba, sabon fuli da sabon ki da gam ɗin ƙarfe Loctite 660 sun isa, ba sai an sauke injin ba. A wanke mai tas, a shafa gam ɗin a ramin da jikin hancin, a ɗaure noti da sifana mai awo yadda littafin injin ya ce, a bar shi awa 24 kafin a tayar. Ban da guduma da kurfi wajen ɗaurin nan.

Mai injin tana (injin fere ƙarfe): Oga ya faɗi gaskiya, amma ramin da har ki ya kwanta a cikinsa ya wuce gam. Sai an sauke karanshaf. Kafin komai a gwada shi da ruwan gano tsagewa, musamman kusurwar ramin; in ya tsage, a ajiye shi kawai. In lafiya yake, a dumama hancin zuwa digiri 200 ko 250, a cike ramin da waldar agon kaɗan-kaɗan, ana hutawa tsakani. A rufe shi da busasshen yashi ya huce da kansa. Wanda ya watsa masa ruwa ya sa ƙarfen ya yi gautsi, nan gaba a wurin zai karye.

Walda tana jan ƙarfe, don haka bayan an fere hancin a injin tana zuwa asalin kaurinsa, a ɗora karanshaf a kan mazaunan metal ɗinsa (wuraren da yake juyawa a kai cikin injin) a juya da agogon awo. Rawar hancin kada ta wuce milimita 0.03. Sannan a yanke ramin kin daidai inda yake a da. Masu juyawa su yanke sabo a ɗaya gefen suna mantawa giyar tayimin a kan hancin nan take. Ramin ya goce, tayimin ya goce, bawul ba zai buɗe a kan lokaci ba.

Dattijon gareji: Ɗana, ni ban cika son wuta kusa da mazaunin metal na farko ba. Ka lissafa kuɗin walda da tana da yankan rami, ka kwatanta da karanshaf na hannu a kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, injin nan bai yi ƙaranci ba tukuna. Sai dai ka je da maikuromita da fulinka, don wani an riga an yi ta yi masa giraindin, wato goge mazaunan metal da inji, har ya ƙare.

Batun yoyon mai kuma, ka duba wuyan fulin inda oyil sil (robar tare mai) ke hawa. In farce yana kamawa a layin da ya ci, sabon sil ma zai zubar. Ko a canza fulin, ko a saka masa Speedi-Sleeve, siririn zobe ne mai kaurin milimita 0.28, da shi sil na asali zai zauna.

Mai 504: Allah ya saka da alheri, Baba. Tazarar ta kai 0.3, gobe za mu sauke injin a duba tsagewa tukuna.