Wa'adin ƙara ko mutuwar bashi? Ku zo mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a, masu fassara da lauyoyinmu don Allah ku matso kusa. Hausar "statute of limitations" nake nema, musamman a kan tsohon bashin kiredit kad irin wanda 'yan uwanmu mazauna Amurka ke fama da shi.

Abin da ake nufi shi ne doka ta ware wasu shekaru da mai bin bashi zai iya maka mutum a kotu, in suka wuce bai kai ƙara ba to damar ta kuɓuce masa. Kowace jiha a Amurka da nata adadin shekarun, yawanci shekara 3 zuwa 6 ne, Kalifoniya da Texas 4, New York a da 6 ne amma tun Afrilun 2022 suka mayar da shi 3. A Ingila ma akwai, shekara 6 a dokarsu ta 1980.

Wasu sun ce a kira shi "mutuwar bashi". Ni kam ban yarda ba, kuma ba don son musu ba, kalmar tana iya jefa mutum a wahala. Bashin bai mutu ba fa, a yawancin jihohi har gobe ana binka, kamfanonin da ke sayen tsofaffin basussuka da araha suna da damar su kira ka su aiko wasiƙa, abin da aka hana su shi ne kai ka kotu ko yi maka barazanar ƙara, ƙa'idar hukumar CFPB, mai kare haƙƙin jama'a a harkokin kuɗi a Amurka, da ta fara aiki a Nuwamban 2021 ta faɗi haka ƙarara. Jihohi ƙalilan irin Wisconsin da Mississippi ne bashin ke faɗuwa gaba ɗaya. Toh mutum ya ji an ce bashinsa ya mutu, sammaci ya zo duk da wannan hanin, ya cusa shi a durowa ya manta, alhali alƙali ba shi zai ƙirga maka shekarun ba, kai ne za ka amsa ka ce lokaci ya wuce, in ka yi shiru a yanke hukunci a bayan idonka, a jihohi da dama har a fara cira daga albashinka.

"Yafiya" ma a ajiye ta, babu wanda ya yafe komai.

Wani ya kawo "hauzi", wannan kam ta yi kusa. A fiƙihun Malikiyya in mutum ya riƙe gona ko gida shekara 10 mai shi yana gani bai ce uffan ba, ba a sauraron ƙararsa daga baya. Sai dai hauzi riƙon dukiya ne a hannu, mu kuma maganar kuɗin da ke wuyan mutum muke.

Ni dai "wa'adin ƙara" na zaɓa. Wa'adi yana da farko da ƙarshe, ana kuma sabunta shi, kuma haka abin yake: a jihohi da yawa ka biya ko dala 20 ce ko ka sa hannu cewa ana binka, lissafi ya koma farko, shi ya sa masu karɓar bashi ke lallaɓa mutum da "ba da ɗan abin da ya samu". Sannan kalmar ƙara tana raba shi da shekara 7 da bashi ke yi a rahoton kiredit, wato tarihin bashin mutum da masu ba da rance ke dubawa, wancan dokarsa daban.

Shi kuma bashin da lokacinsa ya cika mu ce "bashin da ya wuce ƙara". Lauyoyi, in akwai wadda kuke faɗa a gaban alƙali da ta fi wannan zama, ku kawo ta mu gani.