Maɓallin ARP a jikin fiyano: bi-da-bi ko warwara?

'Yan uwa masu kiɗan situdiyo, ga inda na tsaya kan maganar sunan Hausa da ya dace da maɓallin nan da aka rubuta wa ARP a jikin manyan fiyano irin su Korg Triton da Yamaha Motif. Shawarwari sun shigo, amma sai mun fara daidaitawa kan aikin maɓallin, don rabin gardamar daga nan ta taso.

Ɗora yatsu uku kan do, mi, so, ka danne tare. Amo ɗaya za ka ji, a haɗe. Kunna ARP ka sake dannewa, kada ka motsa ko yatsa ɗaya. Yanzu na'urar ce za ta riƙa sako su ɗaya bayan ɗaya, do, mi, so, do, mi, so, daidai da saurin da ka saita, har sai ka ɗage hannu. In ka kunna HOLD, ko ka tashi ka fita tana nan tana yi. Sunan abin arpeggio, kalmar Italiyanci ce daga arpa, kayan kiɗan nan mai tsirkiya da yawa da ake kaɗawa da yatsu.

Na farko, wasu sun ce a ara kawai, a ce afejiyo, a huta. Ni ba na ƙyamar aro. Fiyano ma aro ne, har mun faɗaɗa shi: duk abin da ke da maɓallai farare da baƙaƙe, a Kano fiyano ne. Amma a situdiyo umarni ake bayarwa. Mawaƙi na tsaye gaban makirfo, kai kana zaune, me za ka ce wa yaronka? "Afejiyo min wurin nan"? Baki ba ya ɗauka.

Wani malami ya kawo rakiya. Allah ya gafarta malam, rakiya tana da mai ita. Fiyanon Yamaha PSR da kiɗan finafinan Hausa ya tashi a kai suna da wani tsari dabam: ka danna da hannun hagu, ganga da jita da sauran kayan kiɗa su taso gaba ɗaya su biyo ka, har da shiga da fita. Wannan ita ce rakiya, a bar mata sunanta. In muka ba ARP shi, gobe mai koyo zai tambayi wace rakiyar ake nufi.

An kuma ce tunda Italiyawa daga kayan kiɗansu suka ciro sunan, mu ma mu ciro daga namu, mu ce kaɗin gurmi ko kaɗin molo. Da daɗin ji, sai dai na'urar ta wuce nan tuntuni. A zamanin fiyanon Roland Jupiter-4, 1978, salo huɗu ne kacal: sama, ƙasa, sama da ƙasa, sai na barkatai. Motif XS da ta fito a 2007 ta zo da salo sama da 6,000, ciki har da na ganga da na jita, kuma tana iya tafiyar da huɗu a lokaci guda. Ba za ka saurari salon ganga ka kira shi kaɗin molo ba.

Saura biyu, bi-da-bi da warwara, kuma nan ne gardamar gaske.

Bi-da-bi ta fi kowacce samun magoya baya, kuma na gane dalili. Gajeruwa ce, kowa ya san ta, kuma abin da kunne ke ji ke nan. Matsalarta ɗaya ce, amma babba: duk waƙar duniya bi da bi take zuwa. Mai sarewa ba ya iya busa amo biyu tare, ɗaya bayan ɗaya yake fitarwa, kuma ba wanda zai ce duk abin da ya busa arpeggio ne. Kalmar ta faɗi yadda sautukan ke fita, ba ta faɗi daga inda suka fito ba. Abin da ya bambanta arpeggio shi ne sautukan nan a haɗe ka ba na'ura su, ita ta raba su.

Shi ya sa na tsaya kan warwara. Dubi mai tufka igiya: zare uku yake murɗewa su zama ɗaya, in aka warware kuma kowanne ya fito da kansa, amma su ne dai ukun. Do, mi, so a danne tufka ce, ARP warwara ce. Sai ga shi mun samu suna biyu a kuɗin ɗaya, don shi ma haɗin sautin da ake kira kod bai da tsayayyen suna a Hausa. Kuma tana shiga umarni sumul: "Warware min tufkar nan." "Kashe warwarar a baiti, ka dawo da ita a amshi."

Na san abin da za a ce: tufka da warwara a Hausa aikin banza ne, a yi a rushe. Haka ne. To, amma warwara ita kaɗai ba ta da wannan tabon. Muna warware matsala, mara lafiya ma yana warwarewa. Wanda ya ga tufka ta yi masa nauyi ya ce dunƙule, ba mu ɓata ba.

In an yarda da wannan, saitunan ba su da wahala. Hawa, sauka, hawa-da-sauka, barkatai. Daga do zuwa do na gaba mu ce zango, sai ka ce warwara ta zango biyu. HOLD riƙo ne. Wanda ke yanke tsawon kowane amo, da aka rubuta GATE, ni numfashi nake kiransa: ka rage shi sautin ya zama tsit-tsit a gutsure, ka ƙara shi su manne da juna.

Sai ɓangaren EFFECT. Gaba ɗayansa kwalliyar sauti ya dace da shi, sautin da ba a taɓa ba kuma tsura. A nan babbar ɓarnar ita ce eko, da ake kiran abu biyu da shi. Akwai wanda ke maimaita sautin a fili, ka ji shi sau biyu, sau uku, yana dusashewa. Wannan amsa-kuwwa ne, kalmar na nan tun kafin lantarki. Akwai kuma wanda ba ya maimaita komai a rarrabe, sai dai ya sa ka ji kamar a babban zaure aka yi kiɗan. Wannan mu ce amon ɗaki. In mawaƙi ya ce a ƙara masa eko, yawanci amon ɗaki yake so, ka ba shi amsa-kuwwa kalmominsa su hau kan juna.

Amsa-kuwwa da warwara dole sahunsu ya daidaita. Raba 60,000 da saurin kiɗan, wato yawan bugu a minti ɗaya, ka samu tsawon bugu ɗaya. A sauri 120, bugu ɗaya 500 ne a ma'aunin kashi dubu na daƙiƙa. Sa warwara ta fitar da amo biyu a kowane bugu, wato duk bayan 250, ka sa amsa-kuwwa a 375. Kowace amsa za ta faɗo a tsakanin amo biyu, kiɗan ya ninka gudu alhali yatsunka ba su motsa ba. Ka sa 400 kuwa, sai dagulewa.

Kwalliyar ma iri biyu ce a waɗannan na'urori, kuma rashin suna yana wahalar da masu koyo. Akwai ta kai, wadda ake liƙa wa murya ɗaya, wato sautin kayan kiɗa ɗaya da ka zaɓa a fiyano, akwai ta gayya, wadda kowace murya ke aika mata rabonta. Triton ta 1999 tana da ta kai 5, ta gayya 2. Shi ya sa za ka zaɓi murya ita kaɗai ka ji ta cika ɗaki, ka shigar da ita wurin haɗa waƙa ta koma tsura. Ba lalacewa ta yi ba, kwalliyarta ce ba ta biyo ta ba, sai ka kwafo mata.

CHORUS kuma don Allah kada a ce masa amshi. Ba ruwansa da 'yan amshi. Kwafin sautin yake yi, ya jinkirta shi ɗan kaɗan, ya riƙa karkata shi sama da ƙasa, sai murya ɗaya ta yi kauri kamar ta mutum biyu. Ninki ya ishe shi.